Malam Isyaku da Gwaggo, Landirobar Kamfaninmu

Har yau idan na ji wani a bakin get yana cewa tsufa ne ya kori Malam Isyaku daga kamfaninmu, sai raina ya ɓaci. Ba tsufa ba ne. Ina wurin, da idona na gani, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa abin ya ƙi barina. Sunana Uwaisu. Ni ne makaniken wata majemar fata a Challawa, shekara goma sha tara ke nan ina fama da injinan jima da janareta da duk motar da ke ɗauke da sunan kamfanin.

Malam Isyaku mutumin wani ƙauye ne a gabashin Gumel. Ya shigo Kano yana saurayi, lokacin da masana'antun Bompai da Sharada ke busa jiniya sau uku a rana kuma kowacce jiniya mutane take fitarwa kamar an tashi kasuwa. Dakon gishiri ya fara yi a majemar. Daga nan ya koma zuba wa fata gishiri, aikin da ke cinye yatsun mutum har su tsattsage. Alhaji Kamilu, mai kamfanin, ya lura da shi saboda abu ɗaya: fatar da ta bi ta hannunsa ba ta taɓa ruɓewa. Shi ya sa aka koya masa tuƙi, aka miƙa masa makullin Landirobar kamfanin. Ya riƙe makullin nan shekara talatin da biyu. Ya yi aure a Panshekara, ya aurar da 'ya'ya huɗu, duk a kan kujerar motar nan, wadda soson cikinta ya ƙare tun tuni ya shimfiɗa mata buzun rago.

Gwaggo muke ce wa motar. Doguwa ce mai ƙofa biyar, ruwan toka, ƙirar shekarar saba'in da takwas, da taya a kan bonet. Jikinta alminiyam ne, ba ya tsatsa, sai dai lotsewa, kuma ta lotse ta ko'ina. Ba ta da iyakwandishan. Wasu murafu biyu ne a ƙasan gilashin gaba, ka tura su iska ta shigo, tare da duk warin da Challawa ta tanada a ranar. Ban da babbar giya tana da wasu sanduna biyu a ƙasa, mai jan kai da mai rawayan kai, idan aka taɓa su tayoyinta huɗu duk sai su kama aiki. Bambarta ta gaba guntun ƙarfe ne miƙaƙƙe, ko tirela ka ɗaura masa ba ya kuka. Gudunta kuwa abin dariya ne. A titin Zariya 'yan A-daidaita-sahu ma wuce ta suke yi suna yi mata hon.

Abin tayar da injinta ya mutu tun kafin in fara aiki a wurin, ba a kuma samu irinsa a Ƙofar Ruwa ba. Da hannu ake tayar da ita. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe, handul, da ake zurawa ta ramin bamba a murɗa. Idan ba ka iya riƙonsa ba, injin ya tashi ya mayar maka da shi, to babban yatsanka ya tafi. Malam Isyaku yakan yi bisimilla, ya kwantar da babban yatsa a gefen sauran, ya ja sau ɗaya zuwa sama, Gwaggo ta yi tari biyu ta kama. Shi ya koya mini, bayan na yi sati uku da ɗaurin karaya.

Aikinsu shi da ita shi ne shiga inda mota ba ta shiga. Kwana uku kafin Babbar Salla yakan loda buhunan gishiri ya bi ƙauyukan bayan Madobi da Kura ya rarraba wa masu tara fatar layya, domin fatar da ta kwana babu gishiri ta zama shara. Kashegarin Salla ya koma ya kwaso. A 'yan shekarun nan Salla tana faɗowa a tsakiyar damina, hanyoyin nan kuwa sai wanda ya gani. Ba a taɓa janyo Gwaggo daga taɓo ba. Ita ke janyo wasu. Akwai wata sarƙa mai kauri da ƙugiya a bakinta da ke kwance a bayan kujera, kuma babu direban tifa ko na tankar ruwa a Challawa da bai san ƙarar sarƙar nan ba. Malam Isyaku ba ya karɓar ko sisi a kan ja. Ya ce ai ba shi ya ja ba.

Sai Alhaji Kamilu ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka kwantar da shi a gida, babban ɗansa Mubarak ya dawo daga waje ya zauna a ofis. Wannan Mubarak ɗin, a cikin Gwaggo aka kai shi firamare. A kan cinyar Malam Isyaku ya fara riƙe sitiyari. A lokacin Baba Isyaku yake kiransa. Da ya dawo, sai sunan ya koma direba.

Ya zo da wata jar mota mai ƙofa biyu, kujeru biyu kacal. Ba zan yi ƙarya ba, motar ta haɗu. Ni makanike ne, na san aiki idan na gan shi. Idan ta yi ƙara sai ka ji a ƙirjinka, kafin ka ƙifta ido ta bar Panshekara a baya. Amma cikinta da ƙasa bai fi kaurin tafin hannu ba. Kullum da safe sai masu gadi biyu su shimfiɗa katako a bakin kwalbatin get kafin ta shiga, tana tafiya a karkace tana nishi. Inji a baya, but ɗin kaya a gaba, komai nata a juye. A wannan hanyar tamu, da tireloli suka farfasa, da ruwan jima ke kwanciya a ramukanta baƙi ƙirin, mutum ya rasa abin da zai saya sai wannan. Ni wannan ba gata nake kiransa ba, rashin tunani ne.

A inuwar bango ake ajiye su biyun, kafaɗa da kafaɗa, don haka lokacin cin abinci ba mu da hira sai tasu. Samarin ɗakin rini suna bayan jar motar. Su ce ko fitilarta ɗaya ta fi Gwaggo gaba ɗayanta. Dattawa su ce to a loda mata buhun gishiri goma mu gani. Malam Isyaku ba ya shiga musun. Abin da na taɓa ji ya ce kawai shi ne, "Kyakkyawa ce, Allah ya sani. Amma ba ta san garin da aka kawo ta ba." Kullum idan ya gama goge Gwaggo sai ya ɗauki tsumma mai tsabta ya share ƙurar jar motar ma, ba wanda ya sa shi.

Saura sati biyu Salla Mubarak ya fito da wasu baƙi, ya tarar da Gwaggo tana ɗigar da baƙin mai kusa da tayar motarsa. A gabanmu, a gaban baƙin, ya daki tayar Gwaggo da takalmi.

"Direba, wannan tarkacen me yake yi a nan har yanzu?"

Malam Isyaku ya cire hula ya mayar. "Ranka ya daɗe, ita ke kwaso fatar ƙauye. Ga Salla ta matso."

"To ta yi wannan Sallar. Bayanta 'yan gwangwan za su zo su ɗauke ta. Duk mai fata ya kawo da kansa."

Bai ce kai ma ka tafi ba. Ba sai ya faɗa ba. Kamfanin ba shi da wata motar da za a ba dattijo ɗan shekara sittin da ɗaya, kowa ya san ranar da Gwaggo ta fita get ba za ta fita ita kaɗai ba. Da yamma na sami Malam Isyaku yana duba mata ruwa. Na ce, "Malam, ku je ku gaya wa Alhaji mana." Ya ce mutumin da ko sunan 'ya'yansa ba ya iya furtawa, ba za a kai masa ƙarar ɗansa ba. Ya ce zai kwaso fatar bana yadda ba a taɓa kwasowa ba, in yaron ya ga lodin da idonsa zai sake tunani. Ya gaskata hakan har zuciyarsa.

Ya kuwa kwaso. Sawu uku ya yi kashegarin Salla, cikin ruwan da aka fara tun asuba. Ana la'asar yana dawowa da sawu na huɗu, Gwaggo ta cika har saman rufi, sai ya tarar da mu tsaye cirko-cirko a babban ramin da ke kafin kwanar kamfani. Mubarak ya zo duba fata da wani abokinsa. An gaya masa ya ajiye jar motar a bakin titi ya hau A-daidaita, ya ƙi. Ga ta nan a tsakiyar ramin, cikinta ya zauna a kan tudun laka, tayoyin baya suna juyawa a banza, ruwan jima ya kai ƙasan ƙofa. Shi yana tsaye a kan wani dutse, farar shaddarsa ta ɓaci har gwiwa, mutane sun taru suna ɗaukar hoto da waya.

Na ga fuskar Malam Isyaku lokacin da ya sauko. Ba dariya ya yi ba, wallahi. Fuskar mutumin da aka amsa wa addu'a ce. Ya wuce ramin ta gefe kamar ba rami ba, ya juyo da bayan Gwaggo, ya ciro sarƙa.

Mubarak ya ce, "Baba Isyaku, don Allah ku yi sauri, ruwa zai shiga ciki."

Yau kuma an tuna da Baba.

Malam Isyaku ya naɗe wando ya shiga ruwan nan mai cin fata. Ya lalubi gaban motar, ya lalubi ƙasanta, ya ɗago. "Ranka ya daɗe, ban ga wurin ƙugiya ba. Gabanta duk roba ne. A ina ake ɗaura mata?"

"Ni na sani? Aikinku ne. Ku ɗaura ko'ina."

"A bari a samo katako da mutane a ɗaga ta. Ina tsoron kada..."

"Na ce ku ja ta!"

Sai Malam Isyaku ya juyo gare ni. Ni ne makanike. Duk idanun wurin suka dawo kaina. Ban taɓa shiga ƙarƙashin irin motar nan ba, Mubarak ba ya yarda ko tayarta in taɓa, daga Abuja ake zuwa yi mata sabis. Abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba. Amma a gaban samarin ɗakin rini da masu waya, bakina ya ƙi faɗar haka. Na durƙusa na zura hannu, na ji wani ƙarfe a bayan robar, na ce, "Malam, ku maƙala a nan. Ƙarfe ne." A wurinmu ƙa'idar ke nan tun da muka tashi: inda ka ji ƙarfe, nan ake ɗaura sarƙa. Haka muke yi wa tifa, haka muke yi wa Fijo, ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Ya maƙala. Ya hau Gwaggo, ya ja sanda mai jan kai, ya saki kuloci a hankali yadda ake sauke mara lafiya. Sarƙa ta miƙe. Gwaggo ta yi gurnani, da lodin fata a kanta, jar mota ta motsa, ta taso daga lakar tana biyo ta. Mutane har sun fara tafi. Saura taku biyu ta fita sai muka ji ƙara. Ƙarfen da na zaɓa ashe mariƙin lagireto ne, siriri. Ya tsinke ya taho da bamba gaba ɗayanta, da fitila ɗaya, da bututun ruwa. Motar ta fito kan tudu, gabanta kuma yana bin Gwaggo a ƙasa.

Abin da Mubarak ya faɗa wa dattijon nan a wurin ba zan rubuta shi ba. Ya kira shi jahili, wannan shi ne mafi sauƙi a ciki. Ya ce da gangan ya yi saboda baƙin ciki. Malam Isyaku na tsaye, ruwan jima na ɗiga daga wandonsa, sarƙa a hannu. Sau ɗaya ya kalle ni. Bai ce Uwaisu ne ya nuna mini ba. Ni ma ban ce ba. Ina da mata da 'ya'ya shida, na tsaya ina ƙirga su a zuciyata har aka gama zagin. A ranar aka karɓi makulli. Shi ya sauke fatar sawu na huɗu tare da leburori kafin ya tafi, don ya ce idan ta kwana a mota za ta yi zafi ta lalace.

Bayan kwana biyu aka turo babbar mota ta ɗauki jar motar zuwa Abuja, aka ce in kwashe kayan cikinta. Na buɗe but ɗin gaba. A ƙarƙashin shimfiɗa, cikin leda da ko ɓare ta ba a yi ba, ga wani ɗan ƙarfe mai zobe a kai da zare a gindi kamar noti, tsawonsa bai fi yatsa biyu a jere ba. Kusa da shi ga littafin motar, da hoto ɓaro-ɓaro: akwai wani ɗan murfi a jikin bamba, ka ɓalle shi da farce, ka murɗa zoben a ciki, ka sa ƙugiya. Ko yaro ya ga hoton ya gane. Mai motar ya yi shekara guda yana hawanta, yana ɗaukar hoto a jikinta, bai taɓa ɗaga shimfiɗar nan ba. Ya iya Turancin da aka rubuta littafin da shi, mu ba mu iya ba, amma Malam Isyaku ne jahili.

Na so in hau ofis in ajiye masa zoben a kan tebur. Na kai matakala ta uku na tuna tambayar da za ta biyo baya: kai da kake makanike, me ya hana ka sani? Na sauko. Na jefa zoben a akwatin sifanuna na rufe.

Sati na zagayowa 'yan gwangwan suka zo daga Dakata. Suka ƙwanƙwasa jikin Gwaggo suna murna, wai alminiyam ne mai kyau, masu zubin tukwane za su yi rububinsa. Suka ce a tayar da ita su tafi. Aka kira ni. Na ce ban iya ba, hannuna bai warke ba tun waccan karayar. A wautata na zaci idan ta ƙi tashi za a ƙyale ta. Ɗaya daga cikinsu ya gwada, handul ya doke shi ya koma gefe yana yarfe hannu. Sai manajan kamfani ya ce a aika Panshekara a kira Malam Isyaku.

Ya zo. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai. Da ni ne, ɗan aiken ma ba zai ga fuskata ba. Shi kuwa ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, ya gaisa da kowa, ya duba mai, ya duba ruwa, kamar za su ƙauye. Ya yi bisimilla ya ja sau ɗaya, ta yi tari biyu ta kama. Ya ce ba zai bar wanda bai san birkinta ba ya bi da ita cikin gari ya taka 'ya'yan mutane, don haka shi ya tuƙa ta har Dakata. Ƙaryata ce ta sa dattijon nan ya kai motarsa mahauta da hannunsa. An ce da ya sauka ya ɗauki buzunsa, ya roƙi handul aka bar masa, ya ce su dakata da guduma har ya sha kwana.

Yanzu gadi yake yi a wani kamfanin roba a Sharada. Handul ɗin ne sandarsa, yana jingine da bencinsa. Mutumin da ya san kowace hanyar shanu daga nan har Kura, aikinsa ya buɗe wa motoci get ya rufe. An gyara jar mota ta dawo fes. Masu gadi suna nan suna shimfiɗa mata katako.

Wata goma na yi ina kauce wa Sharada. A makon jiya, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, na ɗauki zoben na hau A-daidaita na je na sami Malam Isyaku. Na gaya masa komai, da littafin, da hoton, da matakala ta uku, da ƙaryar hannu. Na ce, "Malam, ku zage ni ko na samu sauƙi."

Ya karɓi zoben ya jujjuya shi a tafinsa mai tsagar gishiri. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe ɗan wannan ne," in ji shi.

"Shi ne, Malam."

Ya miƙo mini. "Mayar wa yaron nan kayansa, Uwaisu. Ka nuna masa inda ake murɗawa. Damina ta zo, ramin yana nan, kuma babu Gwaggo."

Wata mota ta yi hon, ya tashi ya tafi buɗe get. Zoben yana aljihuna har yanzu. Shekaranjiya aka yi ruwan farko, ramin ya cika, kuma gobe Litinin Mubarak zai shigo.